Ziyara Ce, Ba Yaji Ba

Zungeru

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ciniki? Na ba direban motar doya wannan takarda ne saboda wayata tana hannun maigidana Suleiman tun bayan babbar salla. Rabona da ke tun kafin mijinki ya rasu, ko gaisuwa ban zo ba, kuma na san har yanzu abin yana ranki. Zan zo Minna ranar Asabar in Allah ya yarda. Da ƙyar ya bar ni, ya ce kada in wuce mako. Ki sa a tare ni a tasha, ban san unguwarku ta Barkin Sale ba.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Husna

*

Bida

Zuwa ga Murja,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan kuna lafiya. Tunda kin daina ɗaga wayata, ga shi a rubuce. Suleiman ya zo har gida ya same ni a matsayina na wanku. Ya ce matarsa ta tafi wajenki da sunan mako guda, ga shi wata ya kusa cika. Wannan yaji ne, kowa ya sani. Zai zo biko ranar Juma'a da dattawa biyu. Ki karɓe su da mutunci, ki karɓi goronsu, ki haɗa mata kayanta. Ke ce babba, bai kamata a ce a ɗakinki auren ƙanwarki ya mutu ba.

Wassalam.
Yayanku, Ndaman

*

Barkin Sale, Minna

Yaya Ndaman,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, a gaida Anti da yara. Ban ɗaga wayarka ba don ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Takarda kuwa sai ka karanta ta har ƙasa.

Ka ce yaji. Yaya, a ina ka taɓa ganin mai yaji da tsaraba? Mai yaji da mayafinta kawai take fitowa, tana kuka. Husna ta sauko daga Keke Napep da kwandon busasshen kifi da doya, har da alewar yara. Duk layinmu sun ci kifin nan, su ne shaiduna. Ziyara ta zo, kuma baƙon da ke gidana ni nake sallamarsa. Ban sallame ta ba tukuna.

Da niyyar yi mata faɗa na je tarbarta, don na daɗe ina tara mata shi. Na kira ta daga bayanta har sau nawa, ba ta waiwayo ba, na ce lallai yarinyar nan ta koyo girman kai. Sai da muka zauna cin tuwo na lura kullum ɓangaren dama take juyo min. Maƙwabciyata Mabel, da ke aikin jinya, ta haska kunnen hagun, ta ja ni gefe ta ce wannan ba ciwo ba ne, mari ne, kuma ba na rana ɗaya ba. Na zauna a bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Yarinyar da na goya a bayana.

Surukinka ya zo ranar Juma'a kamar yadda ka ce. Na shimfiɗa musu tabarma, na zuba musu shinkafa da miyar kifinsu na Zungeru, suka ci suka ƙoshi. Da ɗaya dattijon ya turo goro gabana na tambaye shi na mene ne, ya ce na biko. Na ce, "Baba, ku mai da shi aljihu. Nan gidan ba wadda ta yi yaji, baƙuwa gare ni." Suleiman ya miƙe yana huci, wai a fito masa da matarsa. Na ce ya ɗaga murya sosai, don kunnen da ya bar mata ɗaya ne. Dattawan suka dubi juna, ashe bai gaya musu ba. Su da kansu suka ja shi waje.

Idan wannan ne kashe aure, to na kashe, ka rubuta sunana. Ɗakina ɗaya ne da falo, tuwo nake sayarwa, amma bai gaza ciyar da mutum ɗaya ba.

Ka huta lafiya.
Murja

*

Bida

Murja,

Bayan gaisuwa. Maganar kunne ban san da ita ba, kuma ba ta yi min daɗi ba, Allah ya sani. Amma wasa da kalma ba zai fisshe mu ba. Ki kira shi ziyara ko yaji, igiyar aurensa tana kanta, kuma ziyara tana da ƙarshe. Na yi masa faɗa, ya rantse ba zai ƙara ba. Ba ke zan ji ba kuma, tun muna yara bakinki ya fi na kowa. Ita Husna ta faɗa da kanta yaushe za ta koma.

Wassalam.
Ndaman

*

Barkin Sale, Minna

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ka ce in faɗa da kaina.

Gaskiyarka, ziyara tana da ƙarshe, tawa ta ƙare. Amma Yaya Murja ma ba ta yi ƙarya ba, ban yi yaji ba. Mai yaji so take a biyo ta a ba ta haƙuri. Ni ba na so kowa ya biyo ni. Rantsuwar da ya yi maka, ni ya yi min ita tun kunnen yana ji.

Ranar Litinin zan je gaban alƙali in nemi a raba mu. Kai ne a madadin Baba, zan so in gan ka a gefena. In ba ka samu zuwa ba, ba komai. Yaya Murja ta ce ranar ba za ta ɗora tukunya ba.

A gaida mutanen gida.
Ƙanwarka, Husna