Makullin motarka yana aljihuna

Dennis,

Kada ka wahalar da Mamman mai gadi da neman makullin motarka, yana aljihuna. Na tafi Zariya, sai gobe.

Jiya ka cika mini kunne wai motsa jiki da yamma ya fi rage kitsen hanta, shi ya sa ba ka fita da safe. Na karanta binciken da ka turo. A kan ɓeraye aka yi shi, kuma su ɓerayen sun yi gudun. Kai kuwa yamma ta same ka kishingiɗe da ƙunshin tsire.

Ofishinka ba nisa. Ka je da ƙafa, ka dawo da ƙafa. Ka ga ka haɗa safe da yamma, gardama ta ƙare.

Ka yi haƙuri da tsawar da na daka maka a gaban matarka. Tsoro ne. Da likita ya nuna hoton hantarka, na gane shi. Irinsa aka fara nuna mana na mahaifiyarka, ita ma kullum cewa take yi sai an jima.

Kabarinta zan je sharewa. Guda ɗaya ya ishe ni.

Babanka