Mijina Ya Lulluɓe Mota Ya Hau Keke

Bu Wening, don Allah ki taimake ni, ban san wanda zan faɗa wa wannan ba.

Abin ya faro ne wata Alhamis da la'asar. Ina kishingiɗe a baranda ina karanta ɗan littafin soyayya, mijina Mas Danang ya dawo daga ofis, ya fito daga mota yana gumi, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Na ce iska ce ta shige shi, kamar yadda kowa a unguwarmu zai ce. Na ɗauko tsabar kuɗi da man zafi na yi ta kankare masa baya har layuka suka yi jajir, ina murna wai iskar tana fita. Mahaifiyarsa ta leƙo ta ce, "Ƙara dannawa mana, Nduk, 'yata, sai ka ce mai shafa kyanwa." Maƙwabcinmu ne ya kalli fuskarsa, ya sa shi a mota sai asibiti. Likita ya ce ba iska ba ce, zuciya ce take gargaɗi, ga hawan jini.

Da ya warware, likita ya ce ya rage zama, ya riƙa motsa jiki. Shi ke nan ya lulluɓe motarmu da tamfol, ya sayo keke, da shi yake zuwa ofis cikin birnin Yogya. Ya rame, ya daina minshari, har waƙa yake yi a banɗaki. Ni kuwa tun daga ranar ban sake samun sukuni ba.

Kin san titinmu da safe, babura kamar tururuwa, ga manyan bas da ba sa ganin kowa. Idan ya dawo yana haki da gumi, sai in tsaya ina kallonsa, ban san ko gajiya ce ko abin nan ne ya dawo ba. Mahaifiyarsa kuma kullum maganarta ɗaya, iskar safe za ta kwantar da shi. A littattafan da nake karantawa, duk mijin da ya ɗaga wa matarsa hannu a bakin ƙofa yana murmushi, babi na gaba a asibiti ake buɗe shi. Na faɗa masa haka, ya yi dariya ya kira ni da sunan da yake lallashina da shi, ya ce, "Dik, sauya marubuci."

Ranar Lahadi ƙanensa zai zo daga garin Klaten. Na yanke shawarar ba shi keken ya tafi da shi. Mas Danang bai sani ba.

Amarya mai fargaba, Bantul

*

Ƙanwata,

Kada ki bayar da keken. Ba naki ba ne, kuma a yanzu yana cikin maganin mijinki. In kika raba shi da shi a ɓoye, za ki mayar da shi kujerar da ta kai shi asibiti, ki kuma rasa yardarsa.

Amma tsoronki na titi gaskiya ne, kuma dariya ba amsa ba ce. Ki zaunar da shi bayan cin abinci, ki faɗa masa ba da wasa ba. Ya sa hular kwano, ya ɗaura fitila, ya bar babban titi ya bi ta cikin unguwanni da gefen gonakin shinkafa, ko da hanyar ta fi nisa. Ranar ruwan sama ya yaye tamfol ɗin nan, mota ba haramun ba ce.

Tsoronki na biyu ya fi girma, kuma likita ne zai rage miki shi. Ki bi mijinki ranar da zai koma, ki tambaya da bakinki: wane haki ne na gajiya, wanne ne na haɗari, kuma iyakar ina zai iya tuƙawa. Ki tafi da surukarki ta ji da kunnenta. A kankare baya don mura in ana so, amma nauyin ƙirji asibiti ake kai shi nan take.

Marubutanki kuwa dole su jefa jarumi a wahala, in ba haka ba wa zai sayi littafin? Babu ɗayansu da ya san Mas Danang.

Allah Ya tsare miki shi a hanya, Ya ƙara masa lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.

Bu Wening