Baba Sifana

Mu'aither, Doha
Afrilu, 2020

Zuwa ga Maman Hanif,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Hanif da Auta. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata muna nan ƙalau, kada labarin korona ya hana ta barci.

Har yanzu babu maganar buɗe filin jirgi. Bikin ƙaninki da kika je Zariya ki yi 'yan kwanaki ya zama zaman da ba mu san ƙarshensa ba. Daga falo nake koyarwa ta kwamfuta, har da ajina na Asabar na 'ya'yan 'yan Najeriya. Suraj ɗan Malam Nababa ya haɗa fanka da kwali, sai da na tafa masa.

Na zaɓi in rubuto ne domin gidan ƙarami ne, in na yi waya babbar yarinya tana ji. Sai da kika tafi na gane ban iya zama da ita ba. Kin san yadda aka rene mu: uba ba ya kiran sunan 'yar fari, ba ya yabonta, ba ya janta a jiki. Ke kin daɗe da yar da wannan kunyar, ni kuwa ta bi jinina. Da ke ce tsakaninmu. Yanzu daga ni sai ita, muna cin abinci kamar baƙi biyu a tasha.

To, ta samo wanda ya fi ni. Wani tsohon shiri ne da ake sawa bayan la'asar, an juya shi Larabci, labarin jirgin ƙarƙashin teku da mutanensa. Ba kyaftin ɗin take so ba. Wani ma'aikaci ne mai furfura, kullum da sifana a aljihu. In bututu ya fashe shi ne, in wuta ta ɗauke shi ne, in ruwa ya rutsa da wani shi ke komawa ya ɗauko shi. Ta raɗa masa suna Baba Sifana. Baba fa, Haulat! Ni da na haife ta ban taɓa jin ta faɗi kalmar da irin wannan daɗin ba.

Shekaranjiya na ga ya buɗe wata ƙofa a can ƙasan teku da hannu ɗaya. Na ce wannan ƙarya ce, nauyin ruwan wurin ko mutum ɗari ba za su ture shi ba, na jawo takarda zan zana mata. Ta tashi ta kashe talabijin, ta ce in yi haƙuri ta dame ni. Ni malamin kimiyya ne, yaran mutane suna rububin yi mini tambaya, amma tawa ba ta taɓa tambayata abin da ke sa jirgi nutsewa ba. Na san abin dariya ne mutum ya yi kishi da hoton cikin akwati. Ki yi dariyarki, amma abin yana cina.

Ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Muttaka

*

Mu'aither, Doha
Oktoba, 2022

Zuwa ga Maman Hanif,

Assalamu alaikum. Yaya jikin naki, yaya nauyi? Tun da kika koma gida haihuwa gaban Inna nake yi miki addu'a bayan kowace salla. Allah ya sauke ki lafiya. Ki gaida Hanif da Auta, ki ce su rage yi miki hayaniya.

Kin tuna jirgin da yarinyar nan ta yi ta haɗawa a bayan kicin, da bututun roba da sirinji da injin tsohon famfo? Ta gama shi, ta rubuta sunan mutumin nata a gefe da jan fenti. Ko sau ɗaya ba ta nemi taimakona ba.

Ranar Asabar muka yi gasar jiragen ruwa ta ajinmu a wata gona a Umm Salal, mai wurin ninƙaya. Iyaye sun cika, an zo da tabarmi da shinkafa. Ni da Malam Abdul-Rahaman ne alƙalai. Kwale-kwalen Suraj ya yi gudu, ya kife, ya sake tashi. Nata kuwa ya nutse a hankali, ya zagaya ƙasan ruwa, ya taso daidai gabanta. Nan take aka ɗauki tafi. Ƙirjina kamar ya fashe, amma na sunkuyar da kai kamar ban gani ba.

Malam Abdul-Rahaman ya ce ai babu wata shawara, ita ce. Na ce a'a. Yaya za a yi in miƙe gaban dattawa in ɗaga 'yar farina sama da 'ya'yan mutane? Na ba Suraj kofin. Dattawan suka yi ta sa mini albarka, wai har yanzu akwai masu kunya a duniya.

Ba ta yi kuka ba. Ta goge jirginta da gefen hijabi ta shiga mota. Washegari ta same ni a tsaye, cikin ladabi, ta ce in an yi hutu tana so ta koma Zariya wurin Inna ta ƙarasa makaranta a can. Matar Malam Nababa ta gaya mini abin da ta faɗa wa 'yarta: wai Baba Sifana ba ya barin nasa a cikin ruwa don ana kallonsa.

Wannan magana ta hana ni sakat. Shi wa yake jin kunya? Yana da surukai? Ya taɓa zama gaban dattawa? Wani ne ke rubuta masa abin da zai faɗa, a kunna masa fitila, ya fito gwarzo. Da ni ma za a riƙa rubuta mini, ai da na iya. Amma duk fushin nan bai canja komai ba. Ta riga ta sauko da akwatinta daga kan kwaba.

Kada ki yi mata faɗa a waya. Ban ce na yarda ba, ban kuma hana ba. In ta tafi a haka, na san ba za ta dawo mini ba, ko da jikinta ya dawo.

Naki har kullum,
Muttaka

*

Mu'aither, Doha
Disamba, 2022

Zuwa ga Maman Hanif,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka lafiya! Na ga hoton Rahmat, hancin nan nawa ne, kada kowa ya yi gardama. Yaya jego? Ki gaida Inna da sannu da ɗawainiya.

Garin nan ya zama kasuwa saboda gasar kofin duniya. An ba makarantu hutu, ko'ina tutoci da ganguna, direbobinmu 'yan Kano sun ce ko zama ba sa samu. Na samo mana tikitin wasa ɗaya don in faranta mata, ta ce in ba Suraj. Na haɗiye.

Ranar Laraba sai ta ce tana son gwada jirginta a teku kafin ta tafi, in babu damuwa in kai ta. Muka yi arewa, inda babu cunkoso. Ta shiga ruwa zuwa gwiwa, ta saki jirgin, ta danna maɓallin nutsar da shi. Ya ƙi nutsewa. Ta sake dannawa, yana nan yana lilo a sama kamar gora. Ta duba batir, ta busa bututu, ta yi duk abin da mutumin nata yake yi. Babu.

Ni kuwa tun kallon farko na gano matsalar. A ruwan daɗi ta daidaita shi, ruwan gishiri kuma ya fi nauyi, yana tallabe abu. Bayanin ya zo mini har baki, na cije. Na tsaya a kan yashi ina kallon wasu 'yan Ajantina suna wasa da ƙwallo, kamar abin bai dame ni ba.

Can sai ta juyo, idonta ya kawo ruwa, ta ce Baba, me ya sa?

Haulat, ban san lokacin da na shiga teku da kaftanina da takalmina ba. Na sa ta ɗanɗana ruwan, na tambaye ta bambancinsa da na Umm Salal, ita da kanta ta ƙarasa amsar. Muka kwance notuna daga akwatin kayan gyaran mota muna ɗaura wa jirgin ɗaya bayan ɗaya, har ya yi ƙasa. Ta yi tsalle ta ce a shirin ba a taɓa nuna wannan ba. Na ce ai shi bai san ruwan daɗi ba, a teku aka haife shi. Allah ya yafe mini, na ji daɗin faɗar hakan fiye da kima.

Muna tsaye a ruwan na gaya mata cewa ranar gasa nata ne ya fi, kuma na sani tun a lokacin. Teku nake kallo da na faɗa, ban iya duban fuskarta ba. Ta ce ita ma ta sani, so take ta ji daga bakina.

Maganar Zariya ba ta ce ta fasa ba. Abin da ta ce a mota shi ne dole a sake ƙera jirgin don ruwan gishiri, aikin zai kai bayan azumi, kuma tana bukatar mai riƙe mata igiya. Don haka ki ce wa Inna kada ta kwashe kayan ɗakin da za ta ba yarinyar tukuna.

Na fara aiki jiya. Ta ce in miƙo sukudireba, na miƙo wadda ba ita ba, ta ce yalla Baba, yi sauri, wai har yanzu ban kai Baba Sifana saurin hannu ba. Ina nan ina koyo. Amma ki sani, ko gobe ba na son mutumin nan.

Ki sumbaci Rahmat a madadina.

Mijinki mai kewarki,
Muttaka