Kada a Ɗaura wa Jan Zakarana Wuƙa

Zuwa ga mahaifina, Tatay Isko,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarka, yaya mahaifiyata, Nanay? Nan Doha lafiya lau. Yatsuna da inji ya matse a wurin aiki sun warke, biyu ne dai ba sa lanƙwasuwa. Kada Nanay ta ji.

Ƙanwata Luningning ta ce kawuna, Tiyo Ambo, yana zuga ka ka kai jan zakarana fagen faɗan zakaru, inda ake ɗaura musu wuƙa a ƙafa, ranar bikin gari, har yana cewa, "Kai Isko, zakara kake kiwo ko kaza?" Ƙyale shi. Zakaran ya tsufa, kuma shi kaɗai ya rage cikin irin da kakanmu ya bari. A haɗa shi da farar kazar nan mu samu 'yan tsaki.

A nan ƙararrawa ke tashinmu. Ka ce wa Luningning ta naɗo min carar zakaran a waya, in ji.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanka, Efren