Rawanin Agali ya auna mana tsayi

Zuwa ga ƙanena Sa'idu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya iyali, ya yara, ya cunkoson Legas? Mu nan Illela alhamdulillahi, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Albishirinka! Shagon da na fara da tebur guda, yau talabijin mai tallar atamfa ke rataye a silinsa. Na so inci sittin da biyar, mai haɗawa ya ce shagon bai da zurfi, arba'in da uku ta isa. Na ce wannan ba girmana ba ne, muka tsaya kan hamsin da biyar.

Wajen tsayi na shiga ƙarƙashinta na ce, "Nan daidai." Ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, ba kowa ne tsayinka ba. Wani zai kai mata karo ta fashe." Sai ga Agali, dogon Buzun nan mai sayen kayana daga Konni. Na ce, "Raƙumi, tsaya nan." Ya ce, "Mi za ka ba ni, gajere?" Muka ɗaga ta taƙi biyu bisa rawaninsa.

Yanzu daga titi ake hango ta. Ni mai ita kuwa, sai na dafe hula nake kallo.

Ka sa mu cikin addu'a, ka gaida maiɗakinka da yara.

Yayanka,
Alhaji Buhari