Maganin Gwiwar Malam

Kontagora, 4 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata Aminatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya nauyin ciki, ya mutanen Nasko? Allah ya sauke ki lafiya.

Kin ce in ƙara roƙon babanku ya zo suna. Na roƙa, ya ce shi da mota sai dai kallo. Bari in faɗa miki abin da ya hana ni faɗa. Tun faɗuwar da ya yi daga tsanin rumbu bara waccan, ƙashin nan na ƙarshen gadon baya, wanda mutum ke zama a kai, bai bar shi ya huta ba. Ko zaman tahiya a karkace yake yi.

To gida da mai aikin kemis, Mardiyya matar yayanki Jabir, amma da wace fuska zai nuna wa surukarsa wurin? Da Mardiyya ta tambaye shi, sai ya dafa gwiwa. Ta kawo man shafawa mai tsada. Wata uku yana shafe lafiyayyar gwiwa a tsakar gida don ta gani, a ɗaki kuma yana sa ni murza masa man zafi da tafarnuwa a ainihin wurin ciwon har fata ta saɓule. Abin dariya, amma wallahi tausayinsa nake ji.

Mahaifiyarki,
Kulu

Kontagora, 29 ga Maris

Aminatu,

Barka da arziki! Allah ya raya namiji. Ya ɗanyen jiki?

Yarinyar nan Mardiyya, Allah ya yi mata albarka. Ashe ta daɗe tana lura da yadda yake tashi daga tabarma. Ba ta ce masa uffan ba. Ni ta tare a murhu, kanta a ƙasa, ta ce in bar tafarnuwar nan har fatar ta warke, sannan in riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in shafa man nan da ta kawo kaɗan, safe da yamma. Ta sa Jabir ya kai shi asibiti ranar da ta tabbatar likita namiji ne. Ta kuma ɗinka matashi mai yanke a baya, ta ajiye a kan tabarmarsa tun bai dawo daga masallaci ba. Har yau in ta gaishe shi, gwiwa take tambaya, shi kuma ya ce gwiwa da sauƙi. Shekara arba'in ina tare da mutumin nan, ban iya shi haka ba.

Ciwon bai tafi duka ba, amma jiya ya zauna ya cinye tuwo bai muskuta ba. Yau da safe ya aike ni tasha in kama mana kujera biyu zuwa Nasko. Na kai ƙofa ya kira ni, ya ce uku, don wadda ta zaunar da shi ita za ta miƙa masa jikansa.

Ki gaida maigidanki.

Mahaifiyarki,
Kulu