Rassan Hanyar Ista

Kvitdal, Talata

Kawu Eilif,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna Gunvor. Tunda ba ka ji a waya, na ba mai motar madara wannan takarda.

Baba na asibiti da karayarsa, don haka ni na kafa rassan da ke nuna wa masu wasan sulu a kan dusar ƙanƙara hanyar bukkar da ke kan dutse ranar Ista. Ban bi ta gindin Tsaunin Akuya ba, na zagaya ta bakin tafki. Na haƙa rami a dusar ƙanƙarar gangaren tsaunin kamar yadda Baba ya koya mini. Samanta ya yi tauri, amma can ƙasa garas-garas take kamar sukari. Da na taka gefe sai na ji "wum" a ƙarƙashina. Idan rana ta yi zafi, gangaren nan zai zaftaro. Yara ashirin da uku za su bi hanyar.

Ka yi haƙuri ban nemi izininka ba.

'Yarka, Oddny

Laraba

Oddny,

Muna lafiya. Shekara arba'in ina jagorantar tafiyar nan ta gindin tsaunin, ko hula bai taɓa cire mini ba. Zagayenki ƙarin awa biyu ne. A kanti maƙwabcina Torleif ya tambaye ni ko yanzu 'yar makaranta ke ja mini akala, kowa ya yi dariya. Ke da ko gaisuwa sai kin sunkuyar da kai! Ki mayar da rassan kafin Juma'a, in ba haka ba ni zan mayar.

Kawunki

Alhamis

Kawu,

Ina gaisuwa. Gaskiya ne ina jin kunyar mutane, jiya ma na kasa shiga kanti. Amma ba zan mayar ba. In ka kafa su da safe, zan tuge su da rana, ka sake kafawa in sake tugewa. Mama ta ce in bar manya da aikinsu, na ce mata ƙanena Sindre na cikin yaran.

Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ka taɓa reshe ko ɗaya, ka je ramina, na sa masa jan ƙyalle. Ka cire safar hannu, ka tura hannunka har ƙasa. Kada ka wuce ƙarfe goma.

A gaida Inna.

Oddny

Litinin

Oddny,

Na je ramin. Hannuna ya shige har kafaɗa.

Kin ga dai mun bi tafki, kuma tsaunin bai zaftaro ba, har yau yana nan. Torleif bai bar ni na sha kofi cikin salama ba. Na ce masa ya ƙirga yaran.

Baɗi ma ke za ki kafa rassan. Ki zo da shebur ɗin babanki, ki nuna mini yadda ake yanka gefen ramin.

Kawunki Eilif